Wayar da na ɗaga ta ci idon Bitrus

Assalamu alaikum, ma'abota wannan shafi. Ni dattijo ne a Maiduguri, karatuna bai wuce firamare ba. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini, ni kaina na gaji da tsine wa kaina.

Wajen ƙarshen mulkin soja ina masinja a wani kamfanin magungunan dabbobi a Mafoni, hedkwatarsa tana Legas. Mai kula da kwamfuta wani Kirista ne daga kudancin Barno, zan kira shi Bitrus, magidanci mai 'ya'ya uku. Shi ya rubuta wa kwamfutar umarni: duk Alhamis da azahar ta kulle odar magunguna da wani mukulli na sirri, ta buga waya da kanta, ta miƙa wa babbar kwamfutar Legas. Ya ce idan layi ya yanke a tsakiya, rabin saƙon da ya isa ba ya buɗuwa, watsar da shi ake yi. Layin waya ɗaya gare mu, kuma idan tana aikawa wata ƙara take yi kamar kuka. Ya sha ce mini, "Baba, in ka ji tana kukan nan, ko gobara ake yi kada ka taɓa waya."

A shekarar ciwon huhu ya shiga shanun wani Alhaji dillali a Dusuman, aka sa allurarsa cikin oda. Ranar Alhamis Bitrus ya fita cin abinci, kwamfuta tana kukanta, ni kuma na ɗaga waya. Me ya kai ni? Wani abokina nake so ya ji ina bugo masa daga ofis, shi ke nan fa! Na ji ƙara a kunnena, na daddanna har ta yi shiru. Da na ga wani rubutu ya fito a fuskar kwamfutar, tsoro ya kama ni, na kashe soket na sake kunnawa. Bitrus ya dawo na ce ɗauke wuta aka yi. Ya ce, "Ta gama kuka kafin a ɗauke?" Na ce, "Ta gama tas."

Motar kawo magunguna ta zo daga Legas babu allura. Kafin ta gaba ta iso, shanu sun zube.

Da hantsi suka zo, 'ya'yan Alhaji da makiyayansa, kowa da sanda. Suka shaƙe ni a bakin ƙofa, babban ɗan yana cewa, "Ina mai injin? Ina wanda ya ce ya aika?" Na nuna musu ɗakin da hannuna. Suka fizgo Bitrus daga kan kujera, suka ja shi a ƙasa har tsakar gida, suka rufe shi da duka. Wani ya tumɓuke wayar kwamfutar yana zabga masa, rigarsa ta yage, jini yana bin siminti. Na ji ƙarar karyewar hannunsa. Yana kare kansa yana ihu, "Baba, gaya musu! Kai ka ji ta gama!" Babban ɗan ya juyo ya ɗora mini sanda a ƙirji, ya ce, "Kai tsoho, da gaske ne?" Na ce, "Ni masinja ne, me na sani a kwamfuta?" Sandar da ya ɗauke daga ƙirjina ita ta sauka a idon Bitrus na hagu. Idon ya fashe ina kallo. Wane irin mutum ne ni?

Kamfani ya sallame shi, aka ce umarnin da ya rubuta ne bai yi aiki ba. Ni na ci gaba da aikina har na yi ritaya.

Watan jiya na sauka daga keke a Ajilari, sai na ji an gaishe ni da Barbarci, "Wushe, Baba!" Bitrus ne, ya yi furfura, yana sayar da gawayi, hannun ya ɗoru a karkace. Ya rungume ni, ya ja ni gidansa, matarsa ta kawo mini ruwa. Muna cikin hira ya ɗauko wasu takardu da suka yi ja don tsufa, umarnin nan ne da ya rubuta. Ya ce tun ranar bai ƙara taɓa kwamfuta ba, ya kuma hana 'ya'yansa koyonta. Ya ce, "Na karanta layin nan ɗaya bayan ɗaya har na haddace, ban ga inda na yi kuskure ba. Amma dole akwai, tunda shanun mutane sun mutu. Ka yafe mini, Baba, na kira sunanka a gaban masu sanda, da sun haɗa da kai."

Na buɗe baki na ce masa, "Ba komai."

Jama'a, ko'ina daidai ya rubuta. Idan na faɗa masa, zai sauke nauyin shanun, amma zai san wanda ya sha ruwa a gidansa shi ya ci idonsa. Idan na yi shiru, zai mutu yana neman kuskuren da babu shi. Ya ce in dawo ranar Asabar mu ci tuwo tare. Me zan yi?