Mai Ƙara da Mai Shiru

Ishigaki, Afrilu

Yaya Fusako,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar? Kin ce sanyin Osaka ya tayar miki da ita, ina fata ta lafa tunda gari ya fara ɗumi. Ƙunshin da kika aiko ya iso, na gode. Yana kan teburi, ban buɗe ba tukuna.

Kin tambaya ko ina ci, ko ina barci. Ina ci. Barci kuwa har ya fi na da. Abin da ba na yi shi ne jin wani abu. Tun da muka yi wa Tokuei addu'ar kwana arba'in da tara nake jiran kukan da kowa ya ce zai zo, shiru. Na wanke rigarsa ta nutso na shanya, na tsaya ina kallon ta tana ɗiga kamar wankin maƙwabta. Mijina na shekara ashirin da wani abu, Yaya.

Maganar in tattara in dawo Osaka, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ƙungiyar masunta ta sake kiran aikin cire tauraron tekun nan, halitta mai ƙaya da ke cinye mana duwatsun murjani a ƙarƙashin ruwa, na kuma ba da sunana don ban san abin da zan yi da safiya ba. Ba a nutso mutum ɗaya, don haka an haɗa ni da Mitsugu, abokin Tokuei na ƙuruciya, wanda ya zubar miki da giya a riga ranar bikinmu. Bakinsa na nan yadda kika san shi.

Sai dai agogona na nutso ya mutu. Ke da ba ki taɓa sa kai a ruwa ba, ƙaramar kwamfuta ce da muke ɗaurawa a hannu. Ita ke lissafa zurfi da daɗewa, ta gaya wa mutum lokacin hawa kafin iska ta taru masa a jini ta nakasa shi ko ta kashe shi. Tokuei ne ke canza mini batir kullum. Wannan karon ni na canza, ban shafa wa zoben robar da ke tare ruwa mai ba, ruwa ya shige. Nasa kuma, da aka zo rabon kayan tunawa, mahaifiyarsa ta ɗauka, tana zaton agogon duba lokaci ne. Yana gaban hotonsa kusa da turaren wuta. Ba ni da fuskar da zan roƙe ta.

Na je shagon Emiko mai sayar da kayan nutso, ta ɗora mini guda biyu a kan kanta. Ɗaya irin na Tokuei ne sak: baƙi, mai kauri, mummuna, ga tsoro. Tun lokaci bai yi ba yake fara ƙara, ƙarar da duk wanda ke kusa zai ji, in kuma ka ƙi bin sa ya kulle kansa ya hana ka ruwa kwana biyu. Ɗayan sabo ne, siriri, fuskarsa mai launi. Ba ya ƙara, girgiza yake yi a fata kamar waya, mai shi kaɗai ke sani. Ba ya kulle kowa, ya faɗa maka ya bar ka da hankalinka.

Emiko ta ce, "Chizuru, idonki ba na 'yan mata ba ne yanzu. Mai launin nan ko makaho zai karanta." Ta ce in tafi da shi aro in gwada. Na karɓa don shi ne kusa da hannuna.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Chizuru

Ishigaki, Mayu

Yaya Fusako,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata jikin da sauƙi. Wasiƙarki ta zo. Ki yi haƙuri da rashin ɗaukar waya, in ta yi ƙara sai in ga ba ni da abin faɗa, rubutu ya fi mini sauƙi. Ina taya ɗanki Kenta murnar samun aiki.

Akwai abin da ya faru a makon jiya. Gara ki ji daga gare ni, don tsibirin nan ba ya riƙe magana.

Shigarmu ruwa ta uku ce a ranar. Muna aiki a gangaren murjani, Mitsugu na sama da ni kaɗan da buhunsa, ni ina bin taurarin suna ja na ƙasa, wannan bayan wancan. Agogon aron ya girgiza. Na ji shi sarai. Na duba, lambobin sun koma ruwan ɗorawa, na ci gaba da aiki. Ya sake girgiza, suka koma ja.

Yaya, kada ki ɗauka wani abu na ƙudurta. Ban ƙudurta komai ba. Can ƙasa babu mai tambaya ta ya na ji da haƙuri, babu takalman Tokuei a bakin ƙofa. Na san ya kamata in hau, yadda mutum ya san ya kamata ya rufe famfo, sai dai babu abin da ya motsa a cikina ya ce tashi. Shekarun nan duka ban taɓa yanke wa kaina lokacin hawa ba. A wurinmu, cikin biyun da suka shiga tare, agogon da ya fi tsoro shi ake bi. In ya yi ƙara, an gama, kowa ya hau. Na Tokuei ne ke ƙara kullum, ni kuma in bi shi ina masifa cewa na'urarsa ta fi kakata tsoro. Ranar nan babu ƙara, sai ni da wani abu mai motsi a fatata.

Mitsugu bai san komai ba, nasa agogon lafiya lau tunda bai kai zurfina ba. Sai da ya ga na yi nisa ya sauko, ya kama hannuna ya juya, ya ga jan. Bai ja ni ba. Ya nuna mini ma'aunin tukunyar iskarsa, allurar ta kusa ƙasa, sannan ya naɗe hannu ya tsaya a gefena. Ba a barin abokin nutso. In na zauna, ya zauna ke nan.

Na hau. Saboda daɗewar da na yi, dole muka rataye a igiyar jirgin ruwanmu ƙasa da saman ruwa kaɗan, muna jiran jinina ya huce. Iskarsa ta ƙare a nan, sai da direban jirgi ya zuro mana wata tukunyar. Duk tsawon lokacin yana riƙe da ɗamarata, bai dube ni ba.

Da muka fito ya cire gilashin fuskarsa ya yi jifa da shi. Ya ce, "Ke, matar Tokuei! In wani wuri za ki, ki zaɓi ranar da ba ni ke bayanki ba. Matata ta ɗora naman alade tun safe, ni zan ci abina." Na ce ya yi haƙuri. Ya ce, "Haƙurin me? Wannan munafukin agogon ne ban yarda da shi ba. Ku biyu kuna ƙus-ƙus, ni ina can ina tsintar ƙaya kamar sakarai." Don tsabar tsoro ya kasa kunna sigari, sai direban ne ya kunna masa.

Ni ban ji tsoro ba. Wannan ne ya sa nake rubuto miki. Na zauna ina kallon dattijon nan yana zuƙar sigarinsa, ina neman tsoro a jikina, ban samu ba.

Lafiyata ƙalau, likita ya duba ni, ya ce in huta mako guda. Kada ki sayi tikitin jirgi.

Ƙanwarki,
Chizuru

Ishigaki, Yuni

Yaya Fusako,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya ƙafar? Na ji faɗanki duka, na karanta har sau biyu, kuma kina da gaskiya a mafi yawansa. Na fara zuwa wurin matar nan mai sauraron damuwar mutane da likita ya haɗa ni da ita, ranar Laraba. Ita ke tambaya, ni ina kallon labule, amma ina zuwa. Na buɗe ƙunshinki ma. Wainar shinkafar ta yi tauri, na jiƙa a shayi na ci.

Na mayar wa Emiko agogonta. Ta sake jera su biyun, ta fara lissafa mini abin da sabon ya fi tsohon: haske, sauƙin karatu, batirin da ba sai an buɗe ba balle ruwa ya shiga. Duk gaskiya ne. In don nutso ne kawai, sabon ya fi, ko Tokuei da taurin kansa zai yarda. Na ce ta ba ni baƙin.

Ta ce, "Wannan mai bakin? Zai hana ki sakat fa. Kifi ma gudu yake in ya fara."

Na ce shi nake so. Ta dube ni, ta dube shi. Ta tambaya a wane mataki za ta saita shi, na ce mafi tsoro.

Ba don tunawa da Tokuei na saye shi ba, kada ki sa mini wannan. Dalilin ƙarami ne. Mai shiru ni kaɗai yake gaya wa, ni kuwa a yanzu ba mutumin da za a bar wa irin wannan labari ita kaɗai ba ce. Mai ƙara kowa yake gaya wa. Ban yarda da kaina ba tukuna, Yaya, shi ya sa na sayi wanda zai kai ƙarata.

Da Mitsugu ya gan shi a hannuna sai ya ce, "Tsohuwa mai ƙara ta dawo! Shi ke nan, aikin yini ya koma na rabin yini." Amma ya matsa mini wuri a benci, ya miƙo mini dunƙulen shinkafa cikin waɗanda matarsa ta yi masa.

Jiya muka koma gangaren nan. Ina cikin ɗaga wani tauraro daga kan murjani sai ƙarar ta tashi. Ita ce, Yaya, babu bambanci ko kaɗan. Kafin in yi tunani na riga na juya dama, inda Tokuei yake tsayawa, bakina cike da masifar da na saba yi masa. Ruwa ne kawai a wurin. Na daɗe ina kallo kafin in gane daga hannuna take fitowa.

Mitsugu ya riga ya ɗaure bakin buhunsa, yana kallo na, yana jira. Ni ce mai agogon da ake bi yanzu. Na ɗaga masa babban yatsa, alamar mu hau.

A igiya gilashin fuskata ya yi ta cika da ruwa, ina fitarwa yana sake taruwa. Na ɗauka roba ce ta saki. Sai da muka fito na duba, babu abin da ya same ta. Ashe daga idona ruwan yake.

Ba zan zo Osaka bana ba. Ki zo ke, in gwiwa ta bari, ki taho da irin wainar nan.

Ƙanwarki,
Chizuru