Almakashinki Yana Hannuna

Katsina, Oktoba 1979

Zuwa ga Lydia, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar kukata, sanyin idona,

Ina gaishe ki. Gari ya cika da murna sojoji sun miƙa mulki, ni kuwa tun da Mamarki ta ce kin nemi shiga gidan Sistocin coci, masu barin aure don ibada, murna ta ƙaurace mini!

Kin tuna yammacin da na zo shagon ɗinkinki a Kambarawa, ina sabon dawowa daga karatun zanen gini a Rasha? Na baje miki zanen wani tsohon gidan mata masu zaman ibada da na gani a can, ina ta cika baki. Katangar jan bulo, kaurinta kamar ganuwar Ƙofar Guga. Hasumiya a kowace kusurwa, rufin majami'a kamar kawunan albasa da aka shafe da zinariya. Na ce an gina shi ɗaruruwan shekaru da suka wuce don godiyar cin yaƙi. Na zaci ni kike kallo da wannan ido mai sheƙi, ashe ginin kike kallo!

Ban gaya miki sauran ba, ya farin watana. Na auna tagogin ɗakunan da tafin hannuna, ko kafaɗar yaro ba ta wucewa. Sarakuna sun kulle 'yan'uwansu mata a ciki, aka sauya musu suna. Tsohuwar da ke gadin wurin ta ce ranar da za a aske gashin mai shiga, sau uku ake yar da almakashi a ƙasa, sau uku yarinya za ta duƙa ta ɗauko, ta miƙa da hannunta, shaidar ba tilas aka yi mata ba.

Shekaranjiya almakashinki ya zame daga kan keken ɗinki. Kika duƙa, kika ɗauka, kina murmushi. Wayyo ni! Wa zai kira ki Lydia idan an ba ki wani suna? Wannan kitson da ke ƙamshin man kaɗanya, shi ma ƙasa zai zuba? Na san gidan Sistocinmu ba kurkuku ba ne, ki yi mini dariya in kin so, amma tsoro nake ji, tsoro ƙwarai.

Kada ki ƙara zargin Rakiya maƙwabciyarki, ni na ɗauke almakashin bayan kin ajiye shi. Ba na ja da Ubangiji. Idan Shi ya kira ki, ni wane ne? Amma ki ba ni abin da ginin can ya ba 'yan matansa. Ki zo ki nema sau uku, kina kallon idona. A na uku zan miƙa miki, ko zuciyata za ta tsage.

Ina roƙon Allah muryarki ta tsaya a na biyu.

Naki, ko da wane suna za a kira ki,
Yohanna