Taken Gatari

Mahuta, ranar Laraba

Da sunan Allah. Takarda daga Rabe zuwa ga iyalina Ladidi, da gaisuwa mai yawa da so da aminci. Ina fatan kina lafiya, ke da Hansai da Inna da Barakatu. Yaya tarin Inna? Allah ya sawwaƙe.

Bayan haka, idon Yaya Jibo na hagu ya daina gani. Bai kumbura ba, bai yi ja ba, wanda ya dube shi ba zai ga komai ba. Mu uku muka sani: shi da ni da Baba Ɗanjuma makaɗi. Ke ce ta huɗu. Kada ki karanta wa Inna wannan wurin, kada kuma Barakatu ta ji sai mijinta ya gaya mata da bakinsa.

A damben ranar kasuwa abin ya faru. Wani ɗan damben Ɗandume ya same shi a gefen goshi. Yaya bai faɗi ba, shi ne ma ya kayar da mutumin daga baya. Washegari muna cin tuwo na miƙa masa ƙoƙon ruwa ta hagu, na daɗe riƙe da shi bai karɓa ba. Da na matsa da tambaya sai ya ce, "Malam, kai dai yi mana yanka da limanci, ka bar ido ga mai shi." Da muka keɓe ya rufe na dama da tafin hannu, ya ce duhu ne.

Ke 'yar gidan malamai ce, tun da aka kawo ki Danja daga Zariya ba ki taɓa tsayawa bakin fage ba, don haka bari in bayyana miki abin da ke ba ni tsoro. Ɗan dambe hannun dama yake naɗewa da igiya, da shi yake bugu, na hagu kuma a buɗe yake don karewa. Idan mutum biyu suka fuskanci juna, naushin kowa ta hagun abokin karawarsa yake zuwa. Wato daga yau duk naushin da za a kai wa Yaya, ta inda ba ya gani zai zo.

Kin sha jin ana ce mana yaran Gatari. Baba, Allah ya jiƙansa, shi ake wa laƙabi da Gatari, shi kuma ya tara ayarin nan a shekarar fara, lokacin da mahautan Danja suka rasa mai sayen nama. Ya ce tunda hatsin da ya rage yana ƙauyuka, a bi shi can. Tun daga nan duk kaka sai a fita gari gari, da hantsi a yi fawa, da la'asar a yi dambe. Manoma su ba da dammunan dawa, masu gari su ba da riga ko ɗan bijimi. Da wannan gidaje da yawa a unguwarmu suke kaiwa damina. Baba Ɗanjuma ne ya yi wa Baba take a kalangu, wanda ke cewa gatari ba ya sallama ga kututture. Da Baba ya rasu, taken ya koma kan Yaya. Garuruwa don taken nan suke aiko goron gayyata.

Ƙa'idar kuwa ita ce, ɗan dambe ba ya shiga fage sai an kaɗa takensa, idan kuma an kaɗa ba ya zama. Wanda ya ji takensa ya ci gaba da zama, taken ya mutu ke nan, babu makaɗin da zai sake taɓa shi. Saboda haka muka shirya da Baba Ɗanjuma ba zai kaɗa na Gatari ba har mu dawo gida. Za a ce Yaya yana hutar da kafaɗa. Na ce a gaya wa sauran samarin gaskiya, Yaya ya ƙi. Ya ce maganar da ta shiga bakin mahauta, kafin nama ya ƙare ta gama kasuwa, kuma babu garin da zai gayyaci ayarin mai ido ɗaya.

Na ba wani mai jakuna da zai kai auduga Danja takardar nan. Ki shafa mini kan Hansai. Ki sa mu a addu'a.

Wassalam. Naki,
Rabe

Funtuwa, ranar Asabar

Da sunan Allah. Daga Rabe zuwa ga Ladidi, gaisuwa da begen ganinki. Amsarki ta same ni a Maska, na yi murna da jin Inna ta sami sauƙi. Ina fatan kowa lafiya.

Kin ce in kamo hannunsa mu dawo gida. Gaskiyarki, ni ma abin da na ce masa ke nan. Ba mu dawo ba, kuma jibi za mu kama hanyar Malumfashi.

Bana kaka ta yi kyau, gonakin auduga fari fat, dawa ta cika masussuka. Amma abin da muke samu bai kai na shekarar yunwa ba. Mutane Jibo suke zuwa gani. Idan samarinmu sun gama nasu aka tashi ba a ji taken Gatari ba, sai kowa ya ɗauki daminsa ya koma da shi. A Maska wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta tsaya gabansa ta ce, "Ɗan Gatari, kafaɗar nan taka ciki gare ta? Yaushe za ta haihu?" Kowa ya yi dariya, har da shi. Da muka koma masauki bai ci abinci ba.

Ya koyi zama inda hagunsa zai jingina da bango ko bishiya. Idan muna tafiya ina bin wannan gefen, in ga kututture ko rami in yi gyaran murya. Har yanzu babu wanda ya gane. Baba Ɗanjuma kuwa ya rame. Ya ce yatsunsa kan nufi taken da kansu, sai ya janye su, ya ce kalangunsa kamar mai azumin da ba a gaya masa ranar shan ruwa ba.

Jiya na zauna ina tuna waɗanda suka fara fita da Baba. Barmo kin san shi, shi ne mai kankare fata a bakin mahauta, wanda hannunsa ke rawa har ba a ba shi wuƙa mai kaifi. A da in ya shiga fage mata kan haye katanga su gan shi. Audu Ƙaho mahara daga Maraɗi suka kama shi a hanyar Bakori, har yau ba labari. Biyu cutar agana ta ɗauke su a shekara guda. Wanda ya fita da jikinsa daidai shi ne Mudi kaɗai, don shi yaro ne a lokacin.

Mudin nan a gidanmu ya girma, Inna ta goya shi, akushi ɗaya suka ci da Yaya, Baba ya koya musu naɗin hannu rana ɗaya. Da ya yi aure a Malumfashi sai ya zauna can, yanzu shi ne babban 'yan dambensu. Ba da faɗa ya tafi ba. Baba Ɗanjuma ma ya haɗa shi da Nomau, ɗan ƙanwarsa da ya koya wa kiɗa, don kada ya rasa makaɗi. Mudi ne ya aiko mana da goron gayyata. Taron Malumfashi shi ne mafi girma a kaka, daga can rabin hatsinmu ke fitowa, kuma Yaya ya ce goron Mudi ba ya komawa.

Na ce to, a gaya wa Mudi shi kaɗai, ai ɗan gida ne. Yaya ya dube ni da idon da ya rage ya ce, "In je gaban Mudi in ce ya ji tausayina? Malam, karatu ya cinye maka ciki." Ya ce zai zauna kamar yadda ya zauna a ko'ina, a yi taro a watse. Na auna abin ta kowace fuska ban ga ɓaraka ba, tunda kalangun yana hannun Baba Ɗanjuma. Duk da haka ba na samun barci sosai, Ladidi. Ina son in ga mun shigo ƙofar Danja mu duka.

Ki gaida Barakatu, ki ce mijinta yana lafiya yana gaishe ta. Wannan ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Wassalam. Naki,
Rabe

Malumfashi, ranar Talata

Da sunan Allah mai jinƙai. Daga Rabe zuwa ga Ladidi, gaisuwa da aminci. Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Yaya ya faɗi a fage shekaranjiya Lahadi da la'asar, kwana shida da barinmu Funtuwa, har yanzu bai farfaɗo ba. Yana numfashi. Yana kwance a zauren Mudi.

Ga yadda aka yi. Akwai al'adar da muka manta, mu uku duka. Idan ayari ya je garin da makaɗin garin ya koyi kiɗa a wurin makaɗin ayarin, yakan tarbe su da taken gidansu, don girmama wanda ya koya masa. A sauran garuruwa babu mai ikon taɓa taken Gatari, shi ya sa abin bai zo mana a rai ba. A Malumfashi akwai Nomau.

Muna zama a gefenmu, fage ya cika har kan itatuwa, sai Nomau ya taso ya durƙusa gaban kawunsa, ya miƙe ya saki taken. Yana kaɗawa yana murmushi. Baba Ɗanjuma ya ɗaga hannu don ya tsayar da shi, Nomau ya zaci albarka ake sa masa, ya ƙara matse kalangu. Mutanen da suka ji labarin kafaɗa tun daga Mahuta suka ɗauki ihu gaba ɗaya.

Yaya ya ɗan jima a zaune. Sannan ya tuɓe riga ya miƙa mini, ya ce a kawo igiya. Ana naɗa masa hannu na tashi zan tsallaka wurin Mudi in gaya masa maganar idon. Yaya ya kama wuyan hannuna da hagunsa ya ce, "Idan ka taka fagen nan, ba ni ba kai har lahira." Na tsaya da rigarsa a hannu.

Babba da babba ke karawa, don haka Mudi ne ya fito. Yana dariya yana cewa, "Jibo, an ce kafaɗa ce, ashe tsufa ne!" Yaya ya ce, "Matso ka gaida tsufan, ɗan goyon Inna." A turmin farko, wato karon farko, zagaye kawai suka yi, Yaya yana juya kai fiye da yadda ya saba. A na biyu Mudi ya kai naushin da suka saba tun suna yara, wanda Yaya kan kare ko cikin barci. Don ya san za a kare, sai ya sa ƙarfinsa duka. Yaya bai ɗaga hannu ba. Ya same shi a bayan kunne, ya faɗi da baya. Fagen masussuka ce, ƙasarta kamar daɓe. Jama'a suka yi ta ihu, sai da suka ga bai motsa ba suka yi shiru.

Jini ya fito ta kunnensa. Wanzamin garin ya yi masa ƙaho a ƙeya, ya ce sauran na Allah ne. Muna ɗiga masa ruwa da auduga, wani lokaci ya haɗiye, wani lokaci ya zube.

Da na gaya wa Mudi maganar idon, sai ya zauna a ƙasa inda yake tsaye. Ya ce, "Rabe, don me ba ku gaya mini ba? Wallahi da na sa hannu ƙasa da kaina a gaban garinmu, a ce ya kayar da ni." Tun ranar bai bar bakin zauren ba, bai kuma bari kowa ya juya Yaya ba sai shi. Nomau ya kawo kalangunsa ya ajiye gaban kawunsa ya ce ya gama kiɗa. Baba Ɗanjuma ya ce ya ɗauki abinsa, ba shi da laifi, abin da aka koya masa ya yi.

Mai gari ya aiko da bijimi, manoma sun tara dawar da ba mu taɓa samun irinta ba. A kasuwa ana cewa ɗan Gatari bai zauna wa takensa ba. Unguwarmu za ta ci tuwo bana. Samarinmu kuwa na ji sun fara raɗe-raɗin wanda taken zai koma kansa, na ce musu mai shi yana numfashi.

Yanzu sai ki gaya musu. Ki fara da Barakatu, ku shiga wurin Inna tare. Ki faɗa musu komai, har da idon. Mudi ya turo mutum biyu da jaki tare da takardar nan, za su rako Barakatu. Ku hana Inna tasowa, hanya ba ta tsohuwa ba ce. Ni ba zan bar nan ba sai Allah ya yi hukuncinsa. Ku yi sadaka, ku sa a yi masa addu'a a masallacin unguwa.

Allah ya ba mu haƙuri. Wassalam. Naki,
Rabe

Na riga na naɗe takardar sai Mudi ya fito ya ce da yana ɗiga masa ruwa yanzu, yatsun hannunsa na dama sun motsa. Wanzami bai gani ba, ni ma ban gani ba tukuna.