Ƙeyar Ummaru

Zuwa ga Ummaru,

Assalamu alaikum. Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma miƙo mini za ka yi ka ce in karanta maka, wai idonka na ciwo, alhali ni da kai mun san idonka garau yake, bokon ne bai zauna ba. To amma na saba yi maka surutu daga bayan babur, ko kana ji ko iska ta kwashe, wannan ma ka ɗauke shi haka.

Mutan gida lafiya. Matarka Dije ta fita takaba, tana wajen iyayenta a Bafarawa. Gonarku ta bakin gari ta yi gero, ƙanenka Sule ya yanke. Ta nesa kuwa ba wanda ya taka bana, ka san dalili. Mai shayin tashar Isa har yanzu in na zauna sai ya ɗauko kofi biyu, sannan ya tuna ya mayar da ɗaya.

Aiki yana nan yadda ka bar shi, ni ne dai na gaji. Yau biki a Sabon Birni, gobe taron 'yan siyasa, jibi a bugo daga Abuja a ce ana son hoton 'yan gudun hijira kafin la'asar, kamar Burkusuma, inda suke, a bayan ɗakina take. Mai bugowa bai san sai na hau tudu na kamo sabis ɗin Nijar muke magana ba. Bai san sai na matsu a motar Sakkwato, jaka a cinya, ƙafafun kyamara tsakanin gwiwoyi, kafin in sami inda hoto zai tafi ba. In ya isa kuma ya ce matar da na ɗauka ba ta yi kuka sosai ba, ko akwai wata. Da kana nan da ka yi tsakin nan naka, mu yi dariya, abin ya wuce. Yanzu sai ya tsaya mini a rai.

Na canza 'yan kabu-kabu, masu babur ɗin haya irinka, har na daina riƙe sunayensu. Wani gudu kamar an biyo shi, wani da ya ga kyamara sai ya gyara hula ya ce a sa shi a fim. Ba wanda ya san in na taɓa kafaɗar dama a rage gudu, in na taɓa ta hagu a tsaya. Ba wanda yake tuna mini na bar batir wajen mai caji. Ka tuna ranar da ruwa ya kama mu a hanyar Bafarawa, ka tuɓe rigar ruwanka ka naɗe kyamara, ka ce ni in na jiƙe za ni bushe, ita kuwa sai dai addu'a? Na ji haushinka ranar, kuma gaskiyarka ce.

Ranar da 'yan bindiga suka tare ka ina Sakkwato ina tura hotuna. Buhunan wani ka ɗauko zuwa kasuwa. Suka tafi da babur, da wayarka, da 'yar jakar da katin zaɓenka mai hoto yake ciki. Kafin in iso an rufe ka. Ina cikin mota wani gidan labarai ya bugo, wai an kashe wani ɗan kabu-kabu a yankinmu, in je in ɗauko musu iyalinsa. Kashe wayar na yi.

Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne Inna, mahaifiyarka. Bayan sadakar arba'in ta aika a kira ni. Ta ce ta ji ana cewa duk wanda ya shiga akwatina ba ya ɓacewa, kuma tunda shekara da shekaru muna yawo tare, in kawo mata kai ta gani, don fuskarka ta fara yi mata nisa. Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne. Wallahi har zuciyata haka na ɗauka.

Na buɗe duk abin da na taɓa ajiyewa. Ga amare, ga ciyamomi, ga masu allurar riga-kafi, ga raƙuma a kasuwa, ga mutanen da ko sunansu ban tambaya ba, kowa fuskarsa tar. Kai fa? Ƙeya. Ƙeyarka da hular nan mai ruwan ƙasa, gefen kunne, kafaɗa, hanya tana tahowa a gabanka. In muna tafiya ina bayanka, in na sauka ɗaukar mutane kana bayana riƙe da makirfo. Aurenka ya riga haɗuwarmu. Da waya kuwa, ka san girman kaina, wai mai kyamara ba ya ɗaukar hoto da waya. Ko tsagen Gobirawan nan na kumatunka, da nake cewa kyanwa ce ta yage ka, ba ni da shi. Yaya aka yi haka, Ummaru? Ina nake kallo duk tsawon shekarun nan?

Na yi ta kewaye layinku kamar marar gaskiya. Ta sake aikowa, Sule ya ce jikinta ba daɗi. Jiya da hantsi na daure na je.

Na zaɓi bidiyo mafi tsawo, wanda na ɗauka da damina daga Isa zuwa Sabon Birni. Aka kifa turmi na ɗora kwamfuta a kai. Ta matso har numfashinta na taɓa gilashi. Nan take ta gane ka, ta ce wannan zaman kafaɗa na ubanka ne. Kana magana a ciki, amma iska da ƙarar inji sun cinye, sai dai a ga muƙamuƙinka na motsi. Ta kalla har ƙarshe. Sannan ta dube ni ta ce, "To ɗana, ka ce mashi shi waigo."

Me za ni ce mata? In ce ba ka waigowa saboda ni na hana ka? Tun ranar da na fara hawa babur ɗinka na kafa maka doka, in kyamara na aiki kada ka juya wuya, hoto rawa yake yi. Kai kuma ka riƙe ta kamar farilla. Ko rami muka faɗa, ko wani ya kira sunanka daga bakin hanya, sai dai ka ɗaga hannu. Ban taɓa gaya maka ba, duk wanda ya yabi hotunana don ba sa girgiza, wuyanka ya yaba. Na so in faɗa maka wata rana, na ga kamar akwai lokaci.

Na ce mata bari in maido baya. Na maido, ta sake kallo tana jira, hannunta a gefen gilashi. Da ya ƙare ta ce ba komai, in je in ƙara dubawa, ba za a rasa inda ka waigo ba ko sau ɗaya, in dawo mata jibi. Na ce to.

Na riga na duba duka, Ummaru, babu. Amma gobe za ni koma da bidiyon wata hanyar, in kifa turmi, mu zauna ni da ita mu jira ka.

Allah Ya gafarta maka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naka,
Bello mai kyamara, na kujerar baya.