Daji Ba Ya Son Ƙarfe

Hashimi, Suleja
4 ga Agusta

Yaya Isiyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mansura da yara. Ya Zariya, ya zaman fansho?

Takarda na rubuto saboda sau uku kana kashe mini waya da zarar na ambaci asibiti. Na san halin tsofaffin hedimastoci, ko za ka yaga ta sai ka karanta tukuna.

Ka san ƙwannafin da nake fama da shi tun kafin rasuwar maigidana, baban Ghali, yau shekara goma sha bakwai. Na sha jar kanwa, na sha farin maganin kemis, na sha saiwar da ka aiko. Yanzu in na sunkuya kan tanda ina juya masa a rumfata ta Madalla, sai ruwa mai tsami ya taso mini har baki, ƙirji kamar an zuba garwashi. Masu sammakon zuwa aiki Abuja suna layi, ni ina bayan rumfa ina tofar da yawu.

Na ga wata likita, Dakta Olufunke. Bayarabiya ce, amma Hausarta tas. Ta ce za ta zura mini siririn tiyo mai kyamara ta baki, ta duba ƙarshen hanyar abinci, inda ta haɗu da tumbi. Ta ce tsamin da ke tasowa shekara da shekaru yakan ƙona wurin har fatarsa ta canza, kuma in ta ga canji za ta ɗan tsinko kaɗan a auna. Na ce, "Dakta, ciwon daji ne?" Ta ce, "Mama, abin da ke zuwa kafin daji nake nema. Shi ake iya tarewa."

An ba ni Talata ta sama. Ba izini nake nema ba, Yaya, addu'a nake nema.

Ka gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Bara'atu

*

Tudun Wada, Zariya
8 ga Agusta

Zuwa ga Bara'atu,

Amin wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kowa lafiya, sai godiyar Allah.

Bayan haka, ban yarda ba. Tunda Baba ya rasu ni ne a madadinsa, kuma ina umartarki da kada ki je.

Ko kin manta? Da ƙafarsa Baba ya shiga asibiti. Irin wannan tiyon suka zura masa, suka tsinko tsoka, kwana arba'in bai cika ba muka kai shi makwancinsa. Tun kakanni an san daji ba ya son ƙarfe. Yana kwance abinsa, ka taɓa shi, ya tashi. Wa ya taɓa mutuwa saboda ƙwannafi? Rabin mutanen unguwar nan suna da shi, suna lasar kanwa, suna zuwa kasuwa.

Zaman Suleja ya sa kin fara ɗaukar maganar baƙi sama da ta jininki. Kin aurar da 'ya'ya, ga jikoki, me kike nema a cikin cikinki da Allah ya rufe? Abin da Ya rufa, kada ki tona.

In kika je, kada ki kira ni ki gaya mini abin da aka gani. Na riga na ji irin wannan labarin sau ɗaya, ya ishe ni.

Allah ya shirye ki, ya ba ki lafiya.

Yayanki,
Isiyaku Alhassan

*

Hashimi, Suleja
29 ga Agusta

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan ruwan bana bai yi muku ɓarna ba.

Na je. Ka ce kada in kira ka, ban kira ba. Ba ka ce kada in rubuta ba.

Da yunwa na tafi, haka suka ce, ko ruwa ban sha ba. Suka fesa mini wani abu mai ɗaci a maƙogwaro, suka sa mini roba tsakanin haƙora, suka kwantar da ni ta hagu, aka yi mini allura na ɗan yi luum. Tiyon bai fi kaurin ɗan yatsana ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, na tsorata, har da na ga nas ta nufo ni da shi sai da na tuna fuskar Baba. Amma kafin in gama tsoron an gama aikin. Da yamma ina gida ina shan kunu.

Dakta ta nuna mini hoton. Daga sama fatar fara-fara ce, sumul, can ƙasa kuma ga wani ja kamar harshen wuta ya hauro. Nan ta tsintsinko, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Mako biyu na jira. Allah kaɗai ya san masa nawa na ƙona a cikinsu.

Jiya sakamako ya fito. Ba daji ba ne. Amma fatar wurin ta canza, kuma wani sashe ya fara ɗaukar hanyar da ba ta da kyau. Ta ce an kama shi da wuri. Ta ɗora ni kan ƙwaya kullum kafin karin kumallo, ta hana ni kwanciya da cikakken ciki, ta ce in rage mai da yaji. Ni mai sayar da masa da miyar taushe! Bayan wata shida za a sake dubawa, in bai lafa ba akwai yadda suke ƙone wurin ta cikin tiyon, ba tare da an yanka ni ba.

Yanzu maganar Baba. Ka ce da ƙafarsa ya shiga asibiti. Kai kana makaranta kana koyarwa, ni ce a gida. Wata takwas ina dama masa koko, kullum ina ƙara ruwa, har ya zama ruwan ma sai ya dawo. Riƙe shi muka yi ni da Inna muka sa shi a mota. Na kuma san abin da ba ka taɓa faɗa ba: kai ka sa hannu a takardar da aka tsinko masa tsokar, shi ke cin ka shekara ashirin da biyu. Ba sa hannunka ya kashe shi ba, Yaya. Ba ƙarfe ba ne. Latti muka yi. Ni kuwa ba zan yi latti don in faranta maka ba.

Ka yi fushi in kana so, ina nan da raina zan ba ka haƙuri.

Ƙanwarka,
Bara'atu

*

Zariya
5 ga Satumba

Gwaggon yara,

Salamu alaikum, ya jiki, ya kasuwa? Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutuna, sauri nake Malam ya tafi masallaci, bai san na rubuto ba. Wayata ma a hannunsa take yini tunda tasa ta lalace.

Takardarki sau huɗu ya karanta. Sai ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Gwaggo, akwai abin da ya hana ni faɗa, har da rantsar da ni. Na yi kaffara, zan faɗa. Tun bayan Babbar Salla nama ba ya wuce masa. Ranar sunan jikan maƙwabcinmu tsoka ɗaya ta tsaya masa a ƙirji, ya tashi daga cikin mutane ya zagaya bayan gida. Yanzu tuwo sai na yi masa ruwa-ruwa, kowace loma ya kora da ruwa. Wandunansa biyu na kai wa tela ya rage ƙugu. In na yi magana ya ce ƙwannafi ne, gadon gidanku ne.

Ni ba ya jin tawa. Ke kaɗai ce kike faɗa masa magana ta shige shi. Don Allah ki yi wani abu.

Taki,
Mansura

*

Hashimi, Suleja
8 ga Satumba

Yaya Isiyaku,

Assalamu alaikum. Gaisuwar a taƙaice yau.

Na san komai. Kada ka ɗaga wa Mansura murya, ta yi abin da ya kamata mu yi wa Baba ne tun watan farko.

Na koma wurin Dakta Olufunke na gaya mata. Ba ta yi mini wasa ba. Ta ce wanda abinci ke tsaya wa, ga rama, ba ya jiran layi. Na ce, "To shi ke nan, daji ne?" Ta ce ba ta sani ba, kuma ba wanda ya sani sai an duba: wani lokaci tabon ƙuna ne ya matse hanyar, ana buɗa shi, wani lokaci kuwa abin da muke tsoro ne, shi ma gara yau da gobe. Ta ajiye maka Laraba, ƙarfe takwas na safe.

Ka umarce ni na ƙi, don haka ba ni da bakin umartarka. Amma ga abin da zan yi. In Talata ta yi ban gan ka a tashar Suleja ba, zan rufe rumfa in zo Zariya in zauna a zaurenka. Duk wanda ya shigo gaishe ka, daga limami har tsofaffin ɗalibanka, zan gaya masa Hedimasta tsoron tiyo yake ji. Ka san zan iya.

Ina da yaya ɗaya a duniya. Ban shirya dama koko na biyu ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Bara'atu

*

Zariya
10 ga Satumba

Bara'atu,

Wa alaikumus salam.

Ki bar rumfarki a buɗe. Motar farko zan shigo ranar Talata, ni da Mansura.

Har yanzu ban ce kin fi ni gaskiya ba. Ki gaya wa likitarki sharaɗina ɗaya: kada a yi mini allurar barci, kuma a juyo mini da allon da ke nuna hoton kyamarar. Ko mene ne a ciki, ido biyu zan kalle shi.

Wassalam.

Yayanki,
Isiyaku