Yajin Naman Kaza Don Ɗanku

Zuwa ga Inna Delu a Arlit,

Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa takardata ta tarar da ku lafiya, Ya sassauta muku ciwon gwiwar nan. Mutanen gida suna nan, gero ya fara fitar da kai, akuyar Baba ta haifi biyu. Ni ce dai ba ni da natsuwa.

Inna, tun ranar Lahadin da motar Yamai ta sauke ɗanku, maigidana, a tashar Filinge ban sake zama yadda kuka san ni ba. Na ci ado na je tarbarsa kamar matan da nake karantawa a littattafaina, sai ga mutum biyu sun riƙo shi, tari ya cinye shi a wurin haƙar zinariya. Lokotoro ya ba mu magani na wata shida, ya ce mini ƙwaya ba ta aiki a cikin da babu abinci. Na yi tuwo, na dama fura, na yanka kazata guda, duk sai ya kau da kai. Rannan ina share masa gumi ya ce da zai samu yajin naman kaza irin na marigayiya yayarku, wanda take barbaɗa masa a tuwo yana ƙarami, da ya cinye akushi. Wannan kaɗai ya roƙa tun zuwansa.

Washegarin ruwan ƙarshe na shiga daji. Na samu wasu farare masu dogon gindi a jikin suri, na samu wasu kuma kusa da tsohon garke, su ma farare. Na san a cikin naman kaza akwai na ci akwai mai kisa, saboda haka na yanyanka su, na shanya kowane a faifansa bisa rumbu, da niyyar in kai wa tsohuwa Tanne mai bori ta duba. A nan na yi laifin da ba zan ɓoye muku ba. Na zauna a inuwa da littafi, wai shafi biyu kawai, har guguwa ta taso ta kife faifan duka ban ɗaga kai ba. Da na tsince su daga ƙasa sun riga sun haɗe.

Tanne ta juya su, ta sansana, ta ce busasshe ba ya da fuska, kuma wannan sani na gidanku ne, ku da yayarku. Ta ƙara da cewa na kwashe na surin kaf ban bar wa masu wurin rabonsu ba. Na koma can sau uku, ko ɗaya bai sake fitowa ba, damina kuwa ta juya baya. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma Inna, wanda ke kwance ɗin nan ba zai kai wata damina ba in bai ci ba.

Na soya barkono sama-sama, na daka shi da gishiri, citta, ƙuli-ƙuli da ɗan daddawa, na zuba naman kazar na dake tare. Ƙamshin ya kai masa har ɗaka, ya kira ni ya tambaya ko an gama. Na ce masa sai yajin ya kwana uku kafin ya yi daɗi. Ƙarya ce, kuma ban taɓa yi masa ba. Na kira wayar Isufu ɗanku sau biyar ba ta shiga. Ga guda huɗu da na rage na ƙunsa cikin takardar nan, ku duba, in kun gane wani abu ku sa a kira shagon Lawali a gaya mini.

Ku gaida Isufu da matarsa Mariya, da Habsatu da jaririnta. Baba yana gaishe ku, bai san komai ba.

Na san takardar ba za ta iso ku kafin kwana ukun su cika ba. Gobe da safe zan ci yajin da tuwo ni kaɗai, cokali biyu. In na kai Juma'a lafiya, zan ba shi.

Taku,
Nasara