Da Amsoshina Yayana Ya Sayar da Littattafan Kakanmu

Anti Shifa, don Allah ki taimake ni. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana ba tare da ta zaga unguwar Nima ba.

Ni ma'aikaciyar laburare ce a Maamobi, maƙwabciyar unguwar Nima, a nan Gana. Akwai wani shafin tambaya da amsa a intanet da nake shiga idan masu karatu sun ragu, ina amsa abin da na sani, da sunana a fili. Ba biyana ake yi ba, daɗinsa kawai nake ji. Bayan ƙaramar sallah wani da ya ɓoye sunansa ya ce ya gaji tsofaffin littattafan ajami rubutun hannu, yana so ya san shekarunsu. Na koya masa ya ɗaga takarda ga haske ya ga tambarin cikinta, ya duba shafin ƙarshe inda marubuci ke sa sunansa. Ya dawo ya tambayi yadda ake naɗe su kada su karye a tafiya, na faɗa masa. Ya tambayi su wa ke neman irinsu, na bayyana masa, har na ce kada ya yarda da tayin farko. Addu'a ma na yi masa, wai na samu wanda ya san darajar gado.

Marigayi kakanmu, mahaifin mahaifiyarmu Mma, malami ne. Daga Katsina ya zo da akwatin ƙarfe cike da littattafai, wasu shi ya rubuta da hannunsa. A watan jiya Mma ta ce in ɗauko littafin addu'o'insa in karanta mata, don idonta ya yi rauni. Na karɓi makulli wurin matar yayana Muftahu, don su ke zaune da Mma, na buɗe, sai tsofaffin jaridu da 'yan littattafan da gara ta riga ta ci. Na rufe, na ce wa Mma kwaɗon ya cije.

Na sami Muftahu a shagonsa na gyaran waya a unguwar Kokomlemle. Bai musa ba. Ya ce wani dillali ya haɗa shi da mai saye, littattafan sun bar Gana. Sannan ya faɗi abin da ya fi ƙona ni: shi ne mai tambayar nan, kuma da gangan ya zaɓi shafin, don ya san ni zan amsa, ya kuma san ido da ido ba zan yarda ba. Wai ɗakin Mma na yoyo duk damina, ni mai aikin littattafai ban taɓa shanya ko ɗaya ba, kuma a gyaran rufin ɗakin da maganinta kuɗin suka tafi. Rufin dai sabo ne, na gani. Amma Anti, da hannuna ya yi wannan aikin, ina ta murna ban sani ba.

Tun ranar ban sake buɗe shafin ba. Ko a laburare aka tambaye ni abu, sai in riƙa tunanin me za a yi da amsar. Mma tana da hawan jini, kuma kullum sai ta tambayi kwaɗon nan. In faɗa mata? In kai Muftahu gaban manya? Ko gaishe shi ba na iya yi.

Jikar Malam, Maamobi

*

Jikar Malam,

Yayanki ya cuce ki, ba zan sassauta wannan ba. Littattafan ba nasa ba ne shi kaɗai, Mma ce ta fi kowa haƙƙi a kansu, kuma ɓoye sunan da ya yi shaida ce cewa ya san bai kyauta ba. Ke kuwa aikinki kika yi da zuciya ɗaya. Amsar da kika bayar daidai ce, niyyar mai tambaya ce ta karkace.

Sai dai ki saurari abin da ya faɗa, ko da ɗaci. Shi ke tare da Mma ruwa na zuba, kuma akwatin ya daɗe yana jiran ki. Wannan bai wanke shi ba, amma zai taimake ki ki yi masa magana a matsayin ɗan'uwa.

Ki koma wurinsa a wannan makon, kafin sawun dillalin ya ɓace. Ki karɓi sunan mai sayen, ki rubuta masa a matsayinki na ma'aikaciyar laburare kuma magajiya, ki nemi hoton kowane shafi, ki tambaya ko za a iya fanso littafin addu'o'in. Ba ni da tabbacin za a amsa, amma ki gwada. Waɗanda suka rage ki ɗauke su yau ki gyara.

Mma dole ta ji, kuma daga bakin Muftahu, a gaban wani babba ɗaya da take jin maganarsa, ranar da take da ƙarfi. Ki sa masa lokaci. Idan ya ƙi, ki faɗa da kanki, domin kowace rana da kika ce kwaɗo ya cije, kina ɗaukar masa rabin laifin.

Shafin kuma ki koma. Daga yanzu, duk wanda ya ce ya gaji abu, ki fara tambayarsa ko sauran magada sun sani.

Allah Ya ƙara wa Mma lafiya, Ya sanyaya miki zuciya, Ya jiƙan Malam.

Anti Shifa